Ƙarfe Ɗan Iska Ne: Daga Zuga-zugin Adar zuwa Tanderun Ajaokuta

 Kafin in shiga tarihi, bari in fara da wani abu da na daɗe ina ɓoyewa: ni jikan maƙeri ne. A gidanmu, can ƙasar Galma cikin yankin Madawa, ƙarar masaɓa ce ke tashin mu da safe. Amma tun daga koleji har lise, duk takardar da aka miƙo mini aka ce in rubuta sana'ar mahaifi, "manomi" nake sawa. Ba ƙarya na yi ba, muna noma kamar kowa. Sai dai na san abin da nake gudu. Kun san irin dariyar da ake yi wa ɗan maƙera a aji, kun kuma san gidajen da in ya je neman aure za a ce masa ya dawo wata rana.

Bana a Yamai malaminmu na nazarin kalmomi ya ba mu aikin hutu: kowa ya zaɓi sana'a ɗaya ta gargajiya, ya tattaro kalmominta daga bakin masu ita. Wasu suka ɗauki su, wasu jima, wasu saƙa. Ni na kwana uku ina juya abin a raina, daga baya na ce me zai kai ni gidan wani alhali ga sana'a kwance a ƙofar gidanmu. Na ɗauki littafi da biro da waya, na hau motar Madawa. Kalmomi na je nema. Abin da na dawo da shi ya fi kalmomi, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kalmomin da suka fita yawo

Abu na farko da na lura da shi, maƙera ta haifi kalmomi da yawa waɗanda suka bar gida suka yi arziki a waje. Daga ƙera muka sami ƙira, muka sami maƙeri da maƙera, yau kuma a rediyo kullum ana maganar kimiyya da ƙere-ƙere. Muna cewa mota ƙirar Japan, muna cewa wane yana da ƙirar ƙarfi. Muna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, muna cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Duk wannan daga rumfar nan ta baƙin hayaƙi ya fito.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce zuga. Na tambayi abokan ɗakina me zuga take nufi. Kusan duka suka ce ingiza mutum, kamar yadda maroƙi ke zuga ɗan dambe ko abokan banza ke zuga yaro ya yi faɗa. Ma'anar asali ta ɓace musu: zuga ita ce danna zuga-zugi don a hura wa gawayi iska. Mai zuga mutum yana yi masa abin da yaron maƙeri ke yi wa wuta ne, yana ƙara masa iska har ya yi ja.

Ita kanta iska kalma ce mai fuska uku. Akwai iskar da ke kaɗawa, akwai iskokin da ake tsoro, akwai kuma iskar da muke nufin banza da wofi da ita, kamar in an ce aikin iska ko ɗan iska. Ranar da na zauna gaban Kaka na buɗe littafi, na ce ya faɗa mini abin da ya fi muhimmanci a ƙira, na ɗauka zai ce uwar maƙera ko masaɓa ko awartaki. Sai ya yi dariya, irin dariyar da kaka ke yi wa jika in ya kama shi.

"Kai ɗan lakkwal, rubuta. Ƙarhe ɗan iska na."

Na ce, "Haba Tsoho, zagin ƙarfe kake yi?"

Ya ce, "Wa ya zage shi? Ubanai na hwaɗa maka. Tama uwa ta, iska uba. In babu iska, gawayi gawayi na, dutsi dutsi na, su kwana tare shekara goma ba su haihuwa."

Abin da Kaka ya gani

Kaka ya haura tamanin. Bai taɓa dafa tama da hannunsa ba, amma yana yaro ya bi manya daji ya gani, kuma a danginmu shi kaɗai ya rage wanda ya gani da ido. Ga abin da ya ba ni, na gyara jerinsa kawai.

Aikin na rani ne, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ana fara shi da tama, wato dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, wanda ake tonowa a jikin duwatsun nan namu na Adar. Duk wanda ya bi hanyar Buza ko Keita ya san launinsu, ja mai duhu kamar tsatsa. Ni har yau in na ji sunan garin Tama na ƙasar Buza, wannan dutse nake tunawa. Sai gawayi, kuma ba na kowane itace ba. Ƙirya ce itacen maƙera, don gawayinta yana da nauyi, yana riƙe wuta. Sai yumɓu, wanda da shi ake gina tanderun a bisa rami, da shi kuma ake yin bututan da ake jerawa kewaye da gindinsa.

Waɗannan bututai su ne hancin tanderu. Kaka ya ce wanda ya gani ba a zuga shi da fata. In wuta ta kama, zafi ya hau sama, shi da kansa yake jawo iska ta bututan. Aikin manya shi ne su kwana suna kewaya shi, suna leƙa kowane bututu. Launin da ido ya hango a ciki shi ke faɗa musu lafiyar wutar. In wani ya dushe, to kashin maƙera ya fara toshe shi, sai a sa sanda a buɗe tun bai daskare ba. In wani ya tsage, a liƙe da ɗanyen yumɓu nan take. Babu mai barci. Ya ce, "In hanci guda ya toshe anka ƙyale, sauran na biye. Da sahe ku hwasa ku iske baƙin dutsi, aikin wata guda ya tahi."

Abin da ke faruwa a ciki, wanda na fahimta daga baya wajen abokanmu na sashen kimiyya, shi ne wannan. Tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, wato tsatsa ce ta zama dutse. In gawayi ya ci wuta da isasshiyar iska, yana fitar da wani gas mai ƙwace oksijin ɗin daga jikin tama, ya bar ƙarfe. Irin wannan tanderu yana kai zafin wajen digiri 1,200, shi kuwa tsantsar ƙarfe sai a digiri 1,538 yake narkewa. Ke nan ba ƙarfen ne ke narkewa ba. Dattin dutsen ne ke narkewa ya gangara rami, shi ne kashin maƙera da muke tsinta a gonaki muna jifa da shi muna yara. Ƙarfen kuma ya dunƙule wuri ɗaya kamar soso. Wannan dunƙule ake kawowa gida, a nan ne zuga-zugin fata ke karɓar aiki: a gasa, a daka, a sake gasawa, har datti ya fita a sami abin yin hauya da gatari da lauje da mashi.

Wata Bafaransa mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki mai suna Noces de feu, wato auren wuta. Sunan bai zo da banza ba, domin masu aikin suna kallon tanderu kamar amarya, fitowar ƙarfe kuma kamar haihuwa. Da na faɗa wa Kaka akwai fim, ya yi shiru, sannan ya ce, "Su sunka aje, mu munka yar."

Kafin kakan Kaka

Wannan sana'a da nake jin kunyarta ta girmi duk sarautun da muke haddacewa a darasin tarihi. A Termit, gabashin Nijar, masu tonon kayan tarihi sun sami alamun aikin ƙarfe da wasunsu suka kai shekarunsa har 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko da yake masana na gardama a kan wannan lissafi har yau. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono tanderu na mutanen Nok a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,200. A Burkina Faso, hukumar UNESCO ta sa wuraren dafa tama guda biyar cikin kayan tarihin duniya a 2019. Mafi tsufa a cikinsu, Douroula, ya kai ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, a wasu daga cikin sauran kuma har yanzu dogayen tanderu masu jan iska da kansu suna tsaye.

A ƙasar Hausa kuwa, ku dubi Kano. An sami shaidar dafa tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin da Kanawa ke bayarwa shi ne wani maƙeri mai suna Kano ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna, garin ya ci sunansa. Ko an yarda da labarin ko ba a yarda ba, yana nuna inda mutanen da suka ajiye maƙeri: a tushen gari. Dalili a fili yake. Babu hauya babu gero, babu gero babu gari, babu mashi da kibiya babu mai tsare shi. Shi ya sa fada ke da Sarkin Maƙera, shi ya sa aka raba maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Wanda ke son tarihin Adar kafin zuwan Nasara ya nemi aikin Djibo Hamani na 1975, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yau.

Yadda wutar ta mutu

Ba yaƙi ya kashe dafa tama ba, araha ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, motoci suka biyo baya. Daga nan ƙarfen Turai ya cika kasuwa: guntun dogo, tsohuwar ganga, sifirin ɗin mota. Maƙerin da zai kwashe makonni yana tonon tama da ƙona gawayi, ya kwana a daji, kuma ba shi da tabbacin abin da zai fito, sai ga shi yana iya sayen ƙarfe mai kyau ranar kasuwa ya dawo gida kafin la'asar. Ga kuma dokar daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma a 1935, wadda ta sa saran itace ya zama abin tara. Daga baya fari na 1973 da na 1984 suka ci abin da ya rage na itatuwa, har sai da aka kafa babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984. Yau ka nemi ƙirya a dajinmu ka ga yadda za ka sha tafiya.

Maƙera ba ta mutu ba, rabinta ne ya mutu. Mun ci gaba da ƙera ƙarfe, mun daina yin sa. Shi kansa zuga-zugin fata yana kan hanyar fita. Baba Ƙarami, ƙanen babana da ke riƙe da maƙerarmu yanzu, ya ɗaura wa wata ƴar fanka ƙafar keke, yaro na juyawa da hannu ɗaya. Tsohuwar fatar tana rataye a rumfa ta bushe.

Zuga-zugin da ya zama inji

A wasu ƙasashe tarihin ya bi wata hanya, kuma in ka duba da kyau, tarihin iska ne. Sinawa sun daɗe da gano cewa in aka ƙara wa tanderu tsawo aka tura masa iska da ƙarfi, zafi na kaiwa inda ƙarfe zai sha gawayi ya narke ya kwarara kamar ruwa. A shekara ta 31 bayan haihuwar Annabi Isa, wani hakimi mai suna Du Shi ya sa ruwan kogi ya riƙa juya zuga-zugi maimakon hannun mutum. A Ingila, Abraham Darby ya dafa tama da gasasshen kwal a 1709, aka huta da cinye daji. A 1828 James Neilson na Glasgow ya nuna cewa in aka ɗumama iskar kafin a hura ta, makamashin da ake ƙonawa na raguwa ƙwarai. A 1884 Charles Parsons ya ƙera turbin mai aiki da tururi, kuma a farkon ƙarni na 20 aka fara ɗaura irinsa da injin hura iska. Shi ne zuga-zugin babban tanderu na zamani.

Ga yadda yake. Ana dafa ruwa a manyan tukwane, sau da yawa da gas ɗin da tanderun kansa ke fitarwa. Tururin ya bugi farfelun turbin, ya juya wani sandan ƙarfe sau dubbai a minti ɗaya. A ɗaya ƙarshen sandan akwai wasu jerin farfelu masu zuƙo iska suna matse ta. Iskar ta bi ta cikin manyan murahu na bulo ta ɗauki zafin da ya haura digiri 1,000, sannan ta shiga tanderu ta bututan jan ƙarfe da ke kewaye da gindinsa, waɗanda ruwa ke zagayawa a cikinsu don kada su narke. Manyan tanderu na da irin waɗannan bututai talatin zuwa arba'in. Kun ga hancin nan da Kaka ya faɗa? Shi ne, girma kawai ya yi. Wani abin mamaki, in aka auna iskar da ake hurawa don a sami tan ɗaya na ƙarfe, nauyinta ya fi tan ɗaya. Da na karanta wannan sai na ce lallai tsoho ya yi gaskiya, ɗan iska ne.

To, irin wannan tanderu in an kunna shi ba a kashewa kamar murhun tuwo. Yakan yi shekara 15 zuwa 20 yana ci dare da rana. Iskar da ke hawa daga ƙasa tana cikin abin da ke tallafe da tulin tama da kwal da ke sama. In injin ya tsaya ba zato, kayan su rufto, narkakken datti da ƙarfe su kwararo cikin bututan iska su daskare, gas mai kama wuta kuma na iya komawa baya ta hanyar iska. In tsayawar ta daɗe, gindin tanderun gaba ɗaya ya sandare ya zama dutse guda, gyaransa sai watanni da kuɗi masu yawa. Shi ya sa ran 12 ga Afrilu 2025, ranar Asabar, majalisar dokokin Birtaniya ta yi zaman gaggawa ta ba gwamnati ikon karɓe ragamar masana'antar Scunthorpe, don kada tanderu biyu da suka rage musu su huce.

Saboda haka masu kula da injin hura iska ba sa jiran ya lalace. Abu huɗu suke tsaro. Na farko mai: sandan nan yana yawo ne a kan siririn man inji, in mai ya yanke na ɗan lokaci kaɗan ƙarfe ya ci ƙarfe, don haka akwai famfon mai na farko, da na biyu, da na gaggawa mai aiki ko wutar lantarki ta ɗauke. Na biyu rawa: ana liƙa na'urori masu jin girgizar sandan dare da rana, domin ƙaruwar rawa ita ce alamar farko ta cewa boris ya fara ci ko farfela ta tsage. Na uku ƙura: iska na wucewa ta matatai kafin ta shiga, in ba haka ba ƙura ta lafe a farfelu ta kuma cinye bakinsu. Ku tuna hazon hunturunmu ku ga yadda wannan zai kasance a nan. Na huɗu shi ne shaƙewa: in hanyar gaba ta cushe, iskar da aka matse takan juyo baya ta bugi farfelu, ta koma, ta sake juyowa, injin ya riƙa tari kamar zai tsage. Maganinsa wani bawul ne da ke buɗewa da kansa ya zubar da iskar waje, kuma dole a riƙa gwada shi tun ana zaman lafiya. Bayan duk wannan, ana ajiye wani injin a gefe cikin shiri. Kuma komai ana rubutawa: zafin mai, ƙarfin rawa, ranar da aka canja kaza. Wanda ya karɓi aiki da dare ya karanta abin da na rana ya bari.

Tanderun da bai taɓa numfashi ba

Kogin nan da muke tsallakawa a Yamai in za mu jami'a, in ka bi shi kudu har ka wuce Lokoja, za ka iske Ajaokuta a bakinsa, cikin jihar Kogi ta Nijeriya. An kafa kamfanin a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet ya yi ginin. An tsara matakin farko ya ba da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara, da tamar Itakpe da ke kusa. An gina tanderu, an gina tashar wuta da ta injinan hura iska. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Daga nan har yau babban tanderun bai taɓa fitar da ƙarfe ba. An kuma gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo a farkon shekarun 1980 don su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe suna yin rodi.

An yi rubutu da yawa a kan dalilan, kuɗi da kwangila da canjin gwamnati da shari'o'i. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wanda jikan maƙeri zai gani. Ba a kunna tanderu sai an tabbata tama da kwal da farar ƙasa da ruwa da iska za su riƙa zuwa kowace rana shekara da shekaru, babu hutun salla, babu jiran kasafin kuɗi. Kashi biyun da suka rage ba gini ba ne kawai, alkawari ne cewa gobe ma za a zo. Injin da ke tsaye kuma ba hutawa yake ba: tsatsa na cinsa, roba na bushewa, sanda mai nauyi in ba a juya shi lokaci-lokaci yana lanƙwasa. Mu ma a Nijar muna da tama a ƙasar Say, kuma duk ranar da aka tashi maganar masana'anta, wannan tambayar ce ke jiranmu.

Ranar da na yi shiru

Ina da shekara goma, ana dab da faɗuwar damina, lokacin da maƙera ke cika da manoma. Ni ke zuga. Zuga-zuginmu fatar akuya biyu ne, hannun dama ya sauka na hagu ya tashi, don kada iska ta yanke. Kaka na da dokoki a kansa. Da hunturu a shafe shi da mai kada ya tsage. Da damina a rataye shi kada ya yi fumfuna. Kullum da dare a ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓera da gara. Da safe kafin a hura wuta, a toshe bakin a danna, a kara kunci a ji ko yana shaƙar da iska ta wani wuri.

Ran nan na ji ƴar ƙara, sss, a gefen ɗinkin hagu. Na san mene ne. Amma in na faɗa za a tsaya a ɗinke, ni kuwa abokaina na jira na. Na yi shiru, na ƙara ƙarfin hannu. Baba Ƙarami na haɗa bakin hauyar wani dattijo, aikin da ke son wuta ta yi fari fat. Ɗinkin ya buɗe ana tsakiyar aiki. Wuta ta faɗi, haɗin bai kama ba, gawayin da aka tanada ya ƙone a banza. Daren nan aka yi ruwan shuka. Da asuba na ga dattijon yana bi gida-gida neman aron hauya.

Baba Ƙarami ya ɗauko tsumagiya. Kaka ya hana shi. Ya kira ni ya ce, "Yaushe ka ji ta?" Na ce tun safe. Ya ce, "Hwata ba ta da laihi, ta yi magana. Kai ka ƙi kai saƙo."

Shekara goma sha biyu ke nan, kuma da na karanta yadda ake liƙa wa turbin na'urar jin rawa, wannan maganar ce ta dawo mini. Kunci ne aka kara. Duk ilimin kula da inji a nan ya tsaya: abu na magana kafin ya mutu, a sami mai ji, a sami mai kai saƙo, a sami wanda zai yarda a tsaya a ɗinke.

Ku dubi garuruwanmu. Injinan ban ruwa nawa ke kwance a garaken albasa daga Galmi zuwa kwarin Tarka saboda ba a yi musu juye ba? Famfo nawa aka yi bikin buɗewa da kiɗa, shekara biyu mata suka koma rijiya? Harshenmu ma na nuna mu. Gyara ita ce kalmar da ke bakin kowa, ita kuwa sai abu ya ɓaci take zuwa. Muna da tattali, muna da kula, muna da rigakafi, amma mun bar su ga kuɗi da yara da allura. Mai gyara muna biyan sa muna gode masa. Mai tattali ba mu ganin aikinsa, don aikinsa shi ne kada komai ya faru. Ko a tarihin baka, ana kiran sunan maƙerin da ya ƙera takobin sarki, ba a kiran yaron da ya zuga.

Na miƙa wa malam kalmomi 140. Goma sha ɗaya daga ciki Baba Ƙarami ma bai san su ba, a bakin Kaka kaɗai suka rage. Roƙona gare ku, musamman ƴan Adar da Gobir da Arewa, in kun je hutu ku zauna da tsofaffin maƙeran garinku, ku kunna waya, ku tambaye su inda ake tonon tama da sunan kowane abu, ku kawo mu haɗa a fitowa ta gaba. Ƴan sashen kimiyya su taimaka mana da bayanin abin da ke faruwa cikin wuta, mu kuma mu taimaka musu da sunayen da za su faɗe shi da Hausa.

Da zan dawo, na roƙi Kaka ya ba ni tsohon zuga-zugin. Ya ce, "Ka kai shi Yamai ka yi mi da shi, ɗan lakkwal?" Na ce ajiyewa zan yi. Ya ce, "To ka shahe shi da mai. Hunturu ya kusa." Yana rataye a ɗakinmu yanzu, sama da ƙasa saboda ɓera. Wanda ke son gani ya zo, in ya tambaya na wane ne, zan ce na gidanmu ne.

Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya ba mu kunnen ji.